Kalandar Alhaji Ɗantani

Akwai wani mutum a unguwar Yakasai, cikin birnin Kano, sunansa Malam Isiyaku. Shekara goma sha uku ya yi yana aiki a gidan burodin Alhaji Ɗantani. Shi ke auna fulawa, shi ke haɗa kwaɓi, kuma da ƙamshi kawai yake gane burodi ya gasu, ba sai ya duba agogo ba. Masu shayin Yakasai da Koki da Kabara in suna yabon burodin Ɗantani, hannun Isiyaku suke yabo.

Duk tsawon shekarun nan babu takarda ko ɗaya tsakaninsa da maigidansa. Ranar Alhamis Alhaji zai harɗe a kujera, ya zura hannu a aljihun babbar riga, ya miƙa wa kowa abin da ya ga dama. Wani satin kuɗi su cika, wani satin a ce kasuwa ba kyau. Sau ɗaya Isiyaku ya roƙi a rubuta masa matsayinsa da albashinsa, sai Alhaji ya fashe da dariya.

"Haba Isiyaku! Takarda tsakanina da kai? Ai kai ɗan gida ne. Mu nan da amana muke aiki."

Isiyaku ya ji kunya, bai sake tayar da maganar ba.

To shi Alhajin nan yana da wata cuta guda, wato son a sani. Duk farkon shekara sai ya buga kalanda ya raba wa masu shayi da masu kanti. A tsakiya ga shi nan cikin shadda da hula ƙube, ma'aikata sun jeru a bayansa sanye da fararen riguna da ake karɓewa da zarar mai hoto ya gama. So yake duk wanda ya zauna shan shayi ya ga yawan mutanen da ke ci a ƙarƙashinsa.

Injin murza kwaɓin gidan kuwa murfinsa ya daɗe da karyewa. Isiyaku ya faɗa har ya gaji, kullum amsar ita ce sai wata mai zuwa. Wata safiyar Talata injin ya fizgi hannunsa na dama. Ihun da ya yi, har masu wucewa a bakin titi sai da suka tsaya.

A asibiti likita ya ce in an yi aiki cikin sati uku za a iya ceto yatsun, in an wuce haka sai dai a yanke. Matarsa Nana Hauwa ta saka hijabi ta tafi gidan Alhaji. Ta dawo da naira dubu biyar da burodi guda biyu a leda.

Isiyaku bai yarda ba, ya ce ƙila Alhaji bai fahimci girman abin ba ne. Ya tashi da hannu a naɗe, ya same shi bayan la'asar a majalisarsa ta ƙofar gida, cikin abokansa. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Alhaji, a kan aikinka na samu wannan raunin. Shekara goma sha uku ina ma'aikacinka."

Alhaji ya dubi abokansa, ya gyara zama.

"Ma'aikacina? Ku ji min mutum! Kai da kake zuwa kana ɗan taya mu, muna taimaka maka saboda Allah? In ni na ɗauke ka aiki, ina takarda?"

"Alhaji, ai kai ka ce da amana..."

"Na ce ina takarda? Nuna wa mutanen nan."

Wani daga cikin abokan sai ya sunkuyar da kai yana danna waya. Isiyaku ya miƙe, idonsa ya kaɗa ya yi jajir. Wallahi jama'a, zafin maganar nan ya fi masa zafin injin.

Sati uku suka wuce. Nana Hauwa ta sayar da keken ɗinkinta, kuɗin bai kai ko rabin na aikin ba. Aka yanke yatsu uku.

Ranar da aka sallamo shi, Isiyaku ya sayo fetur a jarka ya ɓoye bayan ƙofa. Ya rantse sai gidan burodin nan ya zama toka. Nana Hauwa ta gani, ta bari sai da ya tafi masallaci ta kai wa maƙwabcinsu ya juye a janareto. Da ya dawo yana faɗa, ta tsaya a gabansa.

"Malam, in ka ƙona, shi zai sake gini, kai kuma a kai ka gidan yari da hannu ɗaya. Ni ma ina son in ga ƙarshen mutumin nan, wallahi na fi ka so. Amma a inda zai ji a jikinsa."

Ita ce ta kai shi wurin Barista A'isha, 'yar wata ƙawar mahaifiyarta, wadda ke tsaya wa ma'aikata a kotu. Barista ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce:

"Malam, doka ta wajabta masa ya ba ka takardar aiki cikin wata uku da farawarka. Ta kuma wajabta masa ya riƙa zuba kuɗi a asusun diyyar ma'aikata saboda irin wannan ranar. Bai yi ko ɗaya ba. Amma tunda ya musanta, sai mun fara nuna wa alƙali cewa kai ma'aikacinsa ne. Kana da shaida?"

Babu. Kuɗi a hannu ake ba su. Abokan aikinsa kuma duk wanda ya je wurinsa sai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ina da iyali." Ya dawo gida kamar an zare masa laka.

Bayan kwana biyu da safe ya zauna a teburin Malam Ashafa mai shayi a Koki, yana ƙoƙarin riƙe kofi da hannun hagu. Ya ɗaga kai kenan sai ya ga wani mutum yana masa murmushi daga jikin bango, bayan butar shayi. Shi ne da kansa, a kalandar bara, tsaye a hannun daman Alhaji, yatsunsa biyar cif a kan tiren burodi.

"Malam Ashafa, me aka rubuta a ƙasan hotona?"

Ashafa ya goge hayaƙin da ya rufe wurin da bakin rigarsa, ya karanta a hankali: "Malam Isiyaku, shugaban ma'aikatanmu na dindindin, tare da mu tun ranar da muka buɗe."

Isiyaku ya ajiye kofin. Rabonsa da dariya tun kafin ya shiga asibiti, amma ranar sai da ya yi, irin dariyar da ba ta da daɗin ji.

Kun san mutanenmu na cikin gari ba sa yar da kalanda don shekara ta ƙare. Sai a liƙa sabuwa a kan tsohuwa, ko a shimfiɗa ta a kanta. Isiyaku ya shiga lungu-lungu. A bangon Ashafa kaɗai ya ɓamɓaro guda huɗu, ɗaya a kan ɗaya. Ya samu biyu a shagon wani mai aski a Yakasai. Mafi tsufa a cikinsu, wata tsohuwa ce a Kabara ta zaro masa daga ƙarƙashin kwanukan jerenta, ta ce, "Ɗauki ɗana, Allah ya bi maka haƙƙinka."

Labari ya kai kunnen Alhaji. Ya tura direbansa yana bi teburi-teburi yana sayen tsohuwar kalanda naira dubu-dubu. Masu shayi suka yi ta sayar masa suna ƙunshe dariya, don sun san Isiyaku ya riga ya tara goma sha ɗaya a ofishin Barista.

A kotun ma'aikata Alhaji ya tsaya ya maimaita maganarsa, wai mutumin nan ɗan taya aiki ne da yake zuwa jefi-jefi. Barista A'isha ta bar shi ya faɗa har sau biyu. Sannan ta fara warware kalandun ɗaya bayan ɗaya a gaban alƙali, tana karanta shekara, tana karanta abin da ke ƙasan hoton. A kowace ga saƙon barka da sabuwar shekara, ga sa hannun Alhaji a ƙarshe.

Alƙali ya dube shi. "Wa ya biya kuɗin buga waɗannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya ce a rubuta shugaban ma'aikata na dindindin?"

Gumi ya keto wa Alhaji ta ƙarƙashin hula.

Shari'ar ta ɗauki fiye da shekara, amma ta ƙare. Aka umarci Alhaji ya biya diyyar hannu, da kuɗin asibiti, da haƙƙin kora ba tare da sanarwa ba. Jami'an ƙwadago suka ziyarci gidan burodin, suka sa ya rubuta wa sauran ma'aikata takardunsu, ya gyara injin. Sai da ya sayar da motar rabon burodi, duk da haka kuɗin bai cika ba. Masu shayi kuma tuni suka koma wani wurin, don tun tafiyar Isiyaku burodin ya zama kamar soso.

Wata ranar Asabar da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidan Isiyaku. Alhaji Ɗantani ne da dattawa biyu. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Alhaji ya yi ƙasa da murya.

"Isiyaku, ni da kai ai ba ta ɓaci. Na biya rabi. Ka ɗaga min ƙafa zuwa bayan Sallah, kada su rufe min gidan burodi. Ka faɗa wa lauyarka mun daidaita a gida. Ga dattawa nan, na ba ka amana zan cika."

Isiyaku ya ɗora hannunsa na dama a kan gwiwa, inda kowa zai ga yatsu biyun da suka rage.

"Na ji, Alhaji. Ina takarda?"

Daga bayan labule Nana Hauwa ta turo biro da farar takarda, da ma ta tanade su. Alhaji ya rubuta rana da adadi, dattawan suka sa hannu a matsayin shaidu. Ya fita bai ko tsaya saka takalminsa daidai ba.

A shekarar nan ba a buga kalandar Ɗantani ba. Isiyaku kuwa ya gina ɗan tanderun gasa burodi a Koki, Ashafa ne ya fara karɓar burodinsa. Mutum biyu ya ɗauka aiki, kuma tun kafin su taɓa fulawa ya kai su wurin Barista aka rubuta wa kowa takardarsa. Yatsunsa dai ba su dawo ba.

Darasi: In kana da mutum ko ɗaya da ke yi maka aiki, ka rubuta masa matsayinsa da albashinsa, ka biya shi cikakke a kan lokaci, ka tsaya masa ranar da ya ji rauni a bakin aikinka. Mai amana na gaskiya ba ya gudun sa hannu. Kai kuma ma'aikaci, kada kunya ta hana ka neman takardarka, kuma in an zalunce ka, ka nemi haƙƙinka ta hanyar doka. Ku tura wa duk mai shago, mai gidan burodi da mai masana'anta da kuka sani, tun kafin wani Isiyakun ya rasa hannunsa.