Manomi da Tocilar da Ba Ta Shan Caji Sai a Mota

Akwai wani mutum manomi a wani ƙauye da wutar lantarki ba ta taɓa kwana ba. Turakun waya dai sun iso, an kafa su, har tsuntsaye sun saba da su, amma ita wutar tana hanya har yau. Mutumin nan yana da gona da rumbu, yana da mata mai haƙuri da kaifin harshe, yana kuma da ƙane guda, autan gidansu, wanda kowa ke kira Auta. Auta direba ne, a-kori-kurarsa ce kaɗai mota mai numfashi a ƙauyen duka.

Wa da ƙanen nan ba sa ga-maciji da juna, kuma a kan igiya ne. Mahaifinsu ya rasu ya bar wata igiyar fata, baƙa, doguwa, mai zoben tagulla a kai, wadda yake ɗaure shanun huɗa da ita. Bayan an watse daga makoki aka neme ta aka rasa. Wan ya ce ai direba ne mai bukatar igiyar ɗaure kaya. Auta ya ce bai gan ta ba. Sai wan ya tsaya a tsakiyar dandali ya ce, "In na ƙara taka ƙofar gidanka, a canja mini suna." Damina ta zo ta wuce, wasu suka biyo ta, magana tana nan daram. Ko a majami'a, in aka ce kowa ya gaisa da ɗan'uwansa, sai manomi ya sunkuya yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi.

Ana nan sai 'yarsa da ke aure a birni ta aiko masa da tocila. Ba irin wadda ake kwance wa gindi a zuba batir ba ce. Wannan wutsiya gare ta, a ƙarshen wutsiyar kuma akwai wani kai kamar babban yatsa. Ɗan saƙon ya yi bayani: in haskenta ya yi sanyi, sai a soka kan nan a ramin da ke gaban mota, wanda direbobi ke kunna taba da shi, ta sha caji ta ƙoshi. Mutanen birni ke nan, sun ɗauka kowa da mota a bakin zaurensa. Manomi ya ji bayanin da kunne ɗaya, gama ɗayan yana sauraron yabon maƙwabta.

Tocila kuwa tocila ce. An ce ranar da ya fara kunna ta zakaru sun yi cara, wata tsohuwa ta tashi ta ɗora ruwan koko. Ni ban kasance a wurin ba, amma wanda ya gaya mini dattijon ikilisiya ne. Tun daga ranar manomi ya raina kowace fitila a garin. Tocilan maƙwabta ya sa musu suna idon kyanwa mai mura. Tasa tsohuwar ya jefa wa kwandon shara. Sabuwar kuwa ko da rana tsaka ba ta hutawa: da ita yake neman hularsa, da ita yake duba haƙoran akuya, da ita yake leƙa tukunyar miya ya ga ko an ɓoye nama a ƙasa.

A hankali farin haske ya koma rawaya, rawaya ya koma ja kamar garwashin da ya kwana, rannan ya danna, shiru. Bai gaya wa kowa ba. In aka tambaye shi sai ya ce yana ba ta hutu ne.

Sai ga ruwan shuka ya sauka, mai yawa, ƙasa ta jiƙe har ƙamshi. Irin geron manomi yana cikin tulu a can gindin rumbu. A shekarar nan abinci ya ja baya, rumbun ya sauka har ƙasa, abin da bai taɓa yi ba tun rasuwar mahaifinsu. A gidan nan kuwa ba mai shiga rumbu sai maigida. Ya kafa tsani ya hau, ya zura ƙafa ta ƙaramin bakin nan, yana laluben wurin takawa. Sai tafin ƙafarsa ya sauka a kan wani abu mai sanyi, mai santsi, a naɗe.

Bai san yana da irin wannan saurin ba sai da ya gan shi a ƙasa, tsani a kansa.

Matarsa ta fito daga madafa ta ce, "Maigida, ina irin?"

Ya ce, "Akwai baƙo a ciki. Dogo."

Cikin rumbu, kun sani, duhu ne ko da rana tsaka, domin da ka sa kai a bakin ka toshe ɗan hasken da ke shiga. Wutar kara kuwa ba mai kai ta kusa da ƙaiƙayi da jinka sai wanda ya gaji da gidansa.

Matar ta ce, "Sai ka aro tocilar maƙwabta."

"Idon kyanwa? Ni? Da wane bakin?"

"To ka kai taka wurin Auta ta sha caji."

"Ba ki ji abin da na faɗa a dandali ba?"

Ta ce, "Ni na ji. Ƙasa ce ba ta ji ba, bushewa take yi."

Manomi ya ce shi ba yau ya fara riƙe tocila ba. Mu nan, in batir ya mutu ba a yar da shi, shanya shi ake yi a rana ya farfaɗo ya ƙara kwana biyu. Ya ɗora tocilar a kan rumfa kusa da barkonon matarsa, ya bar ta ta wuni. Da yamma ya sauko da ita tana ƙuna kamar dutsen guga, ya danna, shiru. Matar ta ce, "Barkonon dai ya bushe, mun gode Allah." Ya binne ta a toka mai ɗumi, yadda wasu ke yi wa batir, sai da matar ta ji ƙaurin roba ta zaro ta da muciya. Ya tuna akwai masu cizon batir, ya gwada a jikin tocilar, ya wuni yana tauna da gefe ɗaya.

Kashegari wata dabara ta faɗo masa. Ya ce, "Ai cewa aka yi mota. Ba a ce ta wa ba." A bayan maƙera akwai gawar wata mota da ta mutu tun yana saurayi. Ba taya, ba inji, kaji ne ke ƙwai a ciki. Ya kori kaza, ya nemo ramin, ya tone gidan zanzaro da tsinke, ya soka wutsiyar tocila, ta shiga cif kamar don ita aka yi. Ya gyara zama a bayan sitiyari, ya rungume hannu.

Mutane suna wucewa gona da sungumi a kafaɗa. Wani ya ce, "Direba, ina aka nufa?" Wani ya ce, "A gaida mutanen birni." Wata tsohuwa ta dafa ƙofar ta ce, "Ɗan nan, in ta kasuwa za ka bi, ka rage mini hanya." Manomi ya ce wani yake jira. Tun hantsi yana nan har rana ta take tsaka, kazar tana gefe tana hararsa. Ya danna, shiru. Daga inda yake zaune yana hango gonarsa, gonakin maƙwabta duk an shuka, tasa kuwa saman ƙasar ya fara yin fari.

Nan ne ya gane ba makawa sai motar Auta. Ya yi ta juya maganarsa ta dandali yana neman ƙofar fita, har ya samu. Ya ce, "Ƙofar gidansa na ce. Ban ce ƙofar motarsa ba."

Motar Auta tana ƙarƙashin ɗorawa, mai ita yana cikin gida yana cin abinci. Manomi ya zagaya ta bayan danga, ya buɗe gidan gaba a hankali, ya soka wutsiyar, ya lafe a kujera kamar kayan da aka manta. Bai daɗe ba ya ji ɗaya ƙofar ta buɗe. Auta ya shigo ya zauna, ya dubi tocila, ya dubi wansa.

Ya ce, "Yaya, sannu da zuwa."

Manomi ya ce, "Ba wurinka na zo ba."

"Na gani. Sai dai ramin nan ba ya ba da komai in ba a murɗa makulli ba." Ya murɗa, inji ya ɗauka, wani ɗan jan haske ya kama a gindin tocilar. "Kuma ba ta ƙoshi a tsaye ɗaya. Ni kasuwa za ni ɗauko kaya. Ko ka bar mini ita, ko ka rufe ƙofa."

Manomi ya tuna igiya, ya ce a ransa wannan ba mutumin da za a bar wa kaya ba ne. Ya rufe ƙofa.

Suka kama hanya, shi yana kallon tagarsa kamar bai taɓa ganin itatuwa ba. Amma hanyar ƙauye ba ruwanta da gabar kowa. Kowane rami sai ya haɗa kafaɗunsu. Can Auta ya ce, "An yi ruwa." Manomi ya gaya wa taga, "An yi." Bayan sun haye gada Auta ya miƙo gyaɗa ba tare da ya juyo ba. Manomi ya karɓa, wai don kada ta zube. A hanyar dawowa Auta ya ce, "Na ga ba ka shuka ba." Kafin manomi ya kama bakinsa, labarin baƙon rumbu ya riga ya fita. Da suka iso Auta bai tsaya a ƙarƙashin ɗorawa ba, ya zarce ƙofar gidan wansa, ya zaro ƙarfen kwance taya.

Manomi ya hau tsani, Auta yana riƙe da shi, matar tana nesa da taɓarya. Ya zura hannu ya danna. Haske ya cika rumbu har ana ganin sawun gara. Ga tulun iri a gefe. Ga baƙo a naɗe, baƙi wuluk, dogo, a kansa kuma zoben tagulla yana ƙyalli.

Sai manomi ya tuna. Ranar makoki gida ya cika da baƙi, wani mai hankali ya ce bari ya ɓoye igiyar Baba inda ba mai shiga sai shi. Kaka ta yi, aka zuba gero a kai.

Ya kashe tocilar.

Auta ya ce, "Yaya, ka gan shi?"

"Tocila ta sake mutuwa."

"Da kunnena na ji babban yatsanka ya kashe ta."

Matar ta ce, "Maigida, kowane iri ne ka faɗa, rana tana tafiya."

Ya daɗe da kai a cikin rumbu, gama a lokacin duhun nan ya fi masa daɗi da hasken waje. Daga bisani ya shiga, ya miƙo tulun iri, sa'an nan ya fito da igiyar a hannu. Matar ta ajiye taɓarya ta ce, "Ashe wannan macijin tun tuni ya yi saransa."

Manomi ya sauko ya tsaya gaban ƙanensa, ido a ƙasa. Ya ce, "Auta, ni na ajiye ta. Ka gafarta mini."

Auta ya ce, "Tun da ka ci gyaɗata na gafarta. Ɗauko sungumi, da sauran laima."

Suka shuka tare, wan yana sara, ƙanen yana zuba iri yana takewa, gero kuwa ya fito. Ranar Lahadi bayan sujada aka ga manomi ya taka ƙofar gidan Auta da igiya a kafaɗa. Mutanen ƙauye ba sa manta alkawari, nan take suka canja masa suna. Da yake kowace ranar kasuwa tocila tana son caji, shi kuma ba ya barin ta ta tafi ita kaɗai, sai suka sa masa Mai Gidan Gaba. Har yau da shi yake amsawa.

To, ga ma'anar wannan misali, ya ku 'yan'uwa. Tocilar nan zuciyar mutum ce. Hasken da ke cikinta ba nata ba ne, Ubangiji ne ya zuba, in kuwa ba ta koma wurinsa ba sai ya yi ja ya mutu, mai ita yana ce wa mutane hutu yake ba ta. Wasunmu mun shanya tamu a rana, mun binne a toka, mun gwada kowace dabara don kada mu durƙusa mu roƙa. Wasunmu kuma a gawar mota muke zaune: kowace Lahadi ga mu a benci, littafin waƙa a hannu, komai ya shiga wurinsa cif, amma da gaba a ciki, ba abin da ke shigowa. Masu wucewa suna gani.

Allah kuwa, cikin hikimarsa, sau da yawa yakan ajiye makullin a hannun wanda muka ce ba mu ba shi har abada. Ba za ka sha daga wurin Uba kana tsallake ƙofar ɗan'uwanka ba. Ku kuma lura, sa'ad da hasken ya dawo, bai haska gidan Auta ba, rumbun mai tocila ya haska. In naku ya nuna muku abin da kuka binne da hannunku, kada ku ce tocila ta mutu.

Na ga wasunku sun sunkuya suna gyaran takalmi. Ba abin da ya sami takalman nan. Wanda sunansa ya faɗo muku tun ina tsakiyar labari, shi ne Autanku, kun kuma san inda motarsa take tsayawa. Ku je tun ƙasa da sauran laima.