Inuwar Faifan Lantana

"Kai yaro, ka ce faifai ce mu huta!"

"Baba, bakina zai iya faɗa, amma zuciyata za ta ƙaryata shi."

An ce wai haka aka yi ta fama tsakanin Malam Jatau da Tanimu, saurayin da ke neman auren 'yarsa Lantana, tun ranar da wata ya fito da magariba da duhu a gefensa. Gari ya kaure da kiɗan ƙwarya, ana roƙon rana ta saki wata. Malam Jatau ya yi dariya, ya ce ba kamu ba ne: duniya shimfiɗe take kamar faifai, in rana ta koma bayanta sai inuwar duniya ta hau wata. Tanimu kuwa, da ya yi karatu wurin masana taurari, ya ce inuwa kam gaskiya ne, amma duniya dunƙule take kamar duma. A gaban jama'a! Tsoho ya rantse ba aure, sai dai yaro ya janye, ko kuwa shi tsohon idonsa ya gane masa.

Wayyo Tanimu! Abinci ya daina shiga. Ƙarya ɗaya ce tsakaninsa da Lantana, ya kuwa kasa yin ta.

Da magana ta kai ga alƙalin garin, sai ya kira su da fitowar rana, ya sa Lantana ta zo da faifan da ta saƙa da hannunta, da duma guda.

"Malam Jatau, ran nan ina wata yake?"

"Allah ya gafarta Malam, gab da ƙasa, ta gabas."

"Rana fa?"

"Faɗuwarta ke nan ta yamma."

"Wace irin inuwa ka gani?"

"Mai lanƙwasa, kamar bakin akushi."

"To, ga rana can ƙasa-ƙasa kamar ran nan, bangon nan shi ne wata. Riƙe mana duniyarka a shimfiɗe."

Tsoho ya riƙe faifai a kwance. Inuwa ta fito a bango siririya, sai ka ce tsinke. Ya karkata shi don ta yi faɗi.

"A'a, Baba, za ka zubar da mu!" in ji Lantana.

Fada ta kwashe da dariya, har alƙali sai da ya rufe baki da rawani. Aka miƙa wa tsoho duma. Ya juya shi sama, ya juya ƙasa, inuwa tana nan a kewaye. Tanimu dai kansa a sunkuye, don ya san kunya kan sa dattijo ya ƙeƙashe.

Alƙali ya ce, "Jama'a, ranar da kuka fasa ƙoren matanku, mutumin nan ne ya fara ce muku inuwa ce. Shi ya share gona, yaro ya yi shuka. Rantsuwarsa kuma ta cika, don ba wanda ya kayar da shi. Hannunsa ya riƙe, idonsa ya gani."

Malam Jatau ya daɗe yana kallon bango, sannan murmushi ya suɓuce masa. Ya ɗaga murya:

"Gaskiya in ta zo ba ta ƙwace wa mutum hula, gyara masa zamanta take yi. Wanda ya ƙi yi mini ƙarya don ya sami 'yata, ba zai yi mata ba in ya same ta. Ku shaida, Juma'ar nan za a ɗaura aure!"