Tsagar Bangon Ɗakin Tabawa

An ce wai a wani gari na bakin gulbi, a zamanin wani alƙali da ake kira Malam Zubairu, an yi wata dattijuwa mai suna Tabawa. Mijinta ya rasu ya bar mata gida mai ɗaki biyu da zaure, da 'ya ɗaya tilo da ke aure a wani gari mai nisa. Da tsufa ya fara kama mata gwiwa, sai 'yar ta aiko ta ce ta sayar da gidan ta dawo kusa da ita, ga wani ɗan gida nan jikin nasu ana neman mai saye. Tabawa ta amince, ta sa gidanta a hannun dillali.

Wata uku dillali yana kawo mutane, suna shiga suna fita, ba wanda ya ko taya. Kuma gaskiya ba laifinsu ba ne. Tabawa irin matan nan ce da ba su iya rabuwa da abu ba, ko da fasasshiyar tukunya ce. Shekara arba'in tana tarawa: kwalla a kan kwalla, adudu a kan akwati, buhunan tsumma har sun toshe tagar ɗakin. Wanda duk zai shiga sai ya karkace, in ya shiga kuma sai ya tsaya idonsa ya saba da duhu.

To, tana da ƙanwar miji mai suna Delu, wadda sana'arta jere. Duk amaryar da za ta tare a unguwar, Delu ake kira ta shirya mata ɗaki. Wata rana ta zo ta tarar da Tabawa ta yi tagumi, ta tsaya bakin ƙofa ta ƙare wa ɗakin kallo, ta ce, "Yaya, ba gidanki mutane ke gudu ba. Ai ba su ma gan shi ba tukuna, kayanki kawai suke gani."

Tabawa ta ce, "To ni ina na ga abin sayen sababbin kaya a wannan tsufan?"

Delu ta ce, "Wa ya ce ki sayi ko allura? Abin da ke nan ya isa, har ya yi yawa."

Kwana uku suna aiki, Tabawa na mita, Delu na kwasa. Kashi biyu cikin uku na kayan aka kai zauren Delu aka ajiye. Aka shafe bango da farar ƙasa, aka wanke daɓe, aka buɗe tagar da ta yi shekaru ba ta ga rana ba. Delu ta juya gadon ƙarfe ya bi jikin bango, ta zaɓi tasoshi goma sha biyu na gadon mahaifiyar Tabawa ta goge su da toka har suna ɗaukar ido, ta jera su a kwaba. Ta maƙala faya-fayai masu kyau a bango, ta shimfiɗa tabarma ɗaya, ta ɗora buzun marigayi a kai. Randa kuma ta koma inuwar bakin ƙofa da moɗarta.

A kan kwabar nan aka yi rigima. Da aka janye ta daga bangon gabas, sai ga tsaga ta fito, daga daidai kafaɗar mutum har ƙasa. Tun wata shekara ta ruwa mai yawa bangon ya tsage, an liƙe shi, ba ya yoyo, amma ba mai idon da zai rasa gani. Tun a lokacin Tabawa ta tura kwaba ta rufe wurin.

Ta ce, "Mayar da ita inda take, Delu. Wa zai sayi gida yana kallon wannan?"

Delu ta ce, "Yaya, ni gyara na zo yi, ban zo rufa-rufa ba. In kwabar nan ta koma can, sai dai ki nemi wata ta ƙarasa miki."

Kwaba ta zauna kusa da ƙofa, bangon gabas ya tsaya fili da tsagarsa. Tabawa ta yi fushi ƙwarai, kwana biyu ko gaisuwar Delu ba ta amsawa da daɗin rai.

A rana ta biyar dillali ya kawo wani falken fata, Alhaji Tanimu. Ya shiga, ya dubi sama ya dubi ƙasa, ya zauna a tabarma, aka ba shi ruwan randa ya sha, ya ce shi kam ji yake kamar kada ya tashi. A ranar aka ƙulla ciniki a gaban shaidu. Tabawa ta aika aka kama mata ɗan gidan nan na kusa da 'yarta, ta ɗaure kayanta a zauren Delu tana jiran motar ranar kasuwa. Ana saura kwana biyu ta tafi, sai ga sammaci daga alƙali.

A gaban shari'a Alhaji Tanimu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, an yaudare ni. Na sayi gida mai faɗi da haske, da na tare na tarar da akurki mai duhu, ga bango a tsage. Ado aka yi wa gidan aka rufe mini ido. Ko dai a warware ciniki, ko kuwa ta bar mini kayan nan duka yadda na gan su, don da su na ga gidan na saya."

Tabawa ta auna abin a ranta. In aka warware ciniki, gidan kusa da 'yarta ya kuɓuce, in aka ba shi kaya kuma, tasoshin mahaifiyarta da buzun mijinta sun tafi. Abin da ya fi ci mata rai, ga ta da furfura ana kiranta mayaudariya a bainar jama'a. Da aka ce ta yi magana, abin da ta iya faɗi kawai shi ne, "Allah ya gafarta Malam, kayana ne na da, ba na aro ba. Ragewa kawai muka yi."

Malam Zubairu mutum ne da ba ya gaggawa. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ba zan yi hukunci a kan ɗakin da ban gani ba. Gobe da hantsi a fitar da kayan Alhaji tsakar gida, a mayar da na Iya Tabawa yadda suke ranar ciniki. Kai Alhaji, kai za ka nuna inda kowane abu yake. Iya da mai jerenta kuwa, kada wadda ta ce uffan."

Alhaji ya fita yana murmushi, don a zatonsa kayan za a damƙa masa. Tabawa ma haka ta zata, ta koma gidan Delu zuciyarta a jagule.

Washegari alƙali ya zo da muhutinsa, wato mai rubuta masa shari'a, da shaidun ciniki. 'Yan dako suka fara fitar da kayan Alhaji: gadaje biyu a ɗaki ɗaya, kujeru masu kauri, akwatunan matarsa, da ɗaurin fatu da aka jibge har suka rufe taga. Ana ɗauke ɗaurin ƙarshe, rana ta faɗo tsakiyar ɗakin. Mutane suka dubi juna.

Sai aka shiga shigo da kayan Tabawa. Zo ka ga Alhaji Tanimu, ya naɗe hannun riga, kai ka ce shi ne mai jeren. Gado ya bi nan, tabarma can, faifan nan ya fi haka sama. Ba ya so ko moɗa ta ɓace daga abin da yake ganin ya kusa zama nasa. Da aka zo kan kwaba, 'yan dako suka ga sawun ƙafafunta huɗu da suka lotsa daɓe a gindin bangon gabas, wurin da ta yi shekaru tana zaune, sai suka ajiye ta daidai nan. Tsaga ta ɓace a bayanta.

Tabawa ta zabura. Ta buɗe baki, ta tuna an hana ta magana, ta kama gefen mayafinta ta matse.

Alhaji ya ce, "A'a, ba nan take ba. Ku kai ta kusa da ƙofa. Wannan bangon babu komai a jikinsa ranar da na zo."

Alƙali ya ce, "Ka tabbata, Alhaji?"

Ya ce, "Na tabbata, Allah ya gafarta Malam. A tabarmar nan na zauna, bangon nan nake fuskanta."

Alƙali ya dubi muhuti ya ce ya rubuta. Da aka gama, ya sake tambayarsa ko haka ɗakin yake ranar ciniki, Alhaji ya ce ko tsinke bai kauce ba.

Sai Malam Zubairu ya gyara tsayuwa ya ce, "To, ga hukuncin da za a bi. Mai sayarwa yana da damar share hajarsa, ya goge ta, ya ajiye ta inda haske zai same ta. Abin da ba shi da dama shi ne ya ɗora kyau a kan aibi don kada mai saye ya gani. Saboda haka, Alhaji, ka ɗaga kayan nan ɗaya bayan ɗaya da hannunka. In ka sami aibi a bayan wani abu ko a ƙarƙashinsa, na warware ciniki. In kuwa aibin a fili yake, ka gan shi ka yarda."

Murmushin Alhaji ya ragu. Ya ɗaga tabarma, daɓe lafiya lau. Ya sa aka ja gado, ya cire faya-fayai, ya ƙwanƙwasa bangon da ke bayansu, ya leƙa bayan kwaba, har randa sai da ya sa aka karkata. Bai sami ko gidan gara ba. Da abin ya ƙure masa, ya juya ya nuna bangon gabas ya ce, "To wannan tsagar fa?"

Alƙali ya ce, "Ai ɗazu kai da bakinka ka sa aka ɗauke kwaba daga nan, ka ce bangon fili yake, kuma shi kake fuskanta kana shan ruwa. Tsagar da mutum ya zauna yana kallo ba a ɓoye masa ita ba. Duhu da ƙunci kuwa, kowa a nan ya ga lokacin da suka fita, tare da fatunka suka fita. Ciniki ya tabbata. Kayan Iya nata ne, gida ka saya, ba ka sayi jerenta ba."

Tabawa ta sulale ta zauna a dokin ƙofa, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, hawaye na bin kuncinta tana ta hamdala. Tun ranar da sammaci ya zo, sai yanzu ta ji iska ta shiga ƙirjinta sosai.

Alhaji Tanimu ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Ya ce wa Tabawa, "Iya, ki yafe mini. Wallahi tun da muka tare mai ɗakina ba ta bar ni na huta ba, kullum sai ta ce ba gidan da na kwatanta mata ba ne."

Tabawa ta ce ta yafe. Delu kuwa, da ma maganar ta cika mata ciki, ta ce, "Alhaji, ka turo mini ita gobe. Gado ɗaya ya bar ɗakin nan, fatu su koma zaure, ka ga in ba ta gode maka ba." Har alƙali sai da ya murmusa.

Da jama'a suka watse, Tabawa ta tashi ta je gaban bangon gabas, ta sa tafin hannunta a kan tsagar da ta yi shekaru tana ɓoyewa. Ta juyo ta ce, "Delu, da kin bi maganata ran nan, da yau ba ni da gida a can, ba ni da mutunci a nan."

Delu ta ce, "Kwana biyu kika yi ba kya amsa mini gaisuwa, Yaya. Ina sane."

Ranar kasuwa Tabawa ta hau mota, tasoshinta a ƙulle cikin zane a kan cinyarta, buzun marigayi a naɗe a gefenta. Tarkacen da aka rage kuwa ta bar wa Delu ta rabar.

Abin lura a wannan labari shi ne, mai sayarwa ya gyara abinsa iyakar iyawarsa, amma ya bar aibin a inda ido zai gan shi, domin aibin da mutum ya bari a fili ranar ciniki, shi ne zai tsaya masa shaida ranar shari'a.