Ƙwarin da Zulaihat Ta Zuba a Gonar Malam Babaji

Akwai wani malamin aikin gona, Malam Babaji, da yake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a wajen Ƙofar Sauri, cikin birnin Katsina.

Maganar gaskiya, mutumin yana da ƙwazo. Filin bayan ajujuwa da ake zubar da shara, shi ya share shi da hannunsa ya mai da shi gona. Wake, kuɓewa, yakuwa, har da 'yan kunyoyin gyaɗa. Idan kana son ganin haƙoran Malam Babaji, to ka yabi wakensa.

Sai dai yana da hali ɗaya. A wurinsa babu ƙwaron kirki a duniya. Da ya ga abu ya motsa a kan ganye, kafin ka ce kwabo ya goya famfon feshi. Ɗalibai su yi ta tari, shi ko a jikinsa.

Da damina ta yi nisa, sai aka saka makarantar cikin wani shiri na koya wa ɗalibai dabarun yaƙi da ƙwarin gona ba tare da dogaro da maganin feshi kaɗai ba. Wata jami'ar aikin gona, Malama Safiya, ta zo daga Batagarawa ta yi musu bita.

Malam Babaji ya halarta, ya zauna a kujerar gaba, ya karɓi lemonsa da cincin. Da ya ji ta ce ba kowane ƙwaro ake kashewa ba, sai ya yi murmushi, ya ce bari ya amsa waya. Daga nan ba a sake ganinsa ba. A ɗakin malamai aka ji yana cewa, "Yarinyar da ina feshi tana rarrafe, ita za ta koya mani ƙwari?"

Ai kuwa ya yi asarar kallo, don bitar ta yi daɗi ba kaɗan ba.

Malama Safiya ta ce wa ɗaliban ƙwari ma kamar mutane suke, kowa da halinsa. Fara baƙuwa ce da ba ta jiran a ce bismillah. Darɓa 'yar zaman banza ce, ta manne a jikin shuka tana tsotso har shukar ta kwanta. Ƙudan zuma ɗan aike ne tsakanin furanni, in babu shi babu albarka. Ƙoƙi-ƙoƙi mai haƙuri ne, ya yi tsit sai ɓarawo ya zo da ƙafarsa. Rina kuwa masifaffiya ce, amma ita ke kwashe tsutsar da ke cin wake ta kai wa 'ya'yanta.

Ta ce ƙa'idar ita ce, a fara dubawa, a gane wane ne maƙiyi wane ne aboki. In abin ya yi yawa a gwada toka ko ruwan ganyen bedi, wato darbejiya. Maganin kanti shi ne na ƙarshe, sai an rasa yadda za a yi.

Sannan ta ce kowace ɗaliba ta faɗi ƙwaron da halinsu ya zo ɗaya. Nan fa aji ya ɓarke! Mai ci da yawa aka ce fara ce. Mai barci a aji ta zama tsutsa. Da aka zo kan wata 'yar ajin ƙarshe mai suna Zulaihat, ba a jira ta buɗe baki ba, aji duka ya haɗa murya: "Rina! Rina!"

Kuma ba a zalunce ta ba. Zulaihat akwai ƙoƙari, amma bakinta ba ya ajiye magana. Ƙararta ta sha zuwa gida, har mahaifinta, Malam Ɗanliti, wani tela a Ƙofar Kaura, ya gaji. Ya rantse cewa duk ranar da aka sake kiransa makaranta a kanta, to karatun ya ƙare, ta dawo gida ta kama datse zare da ɗinka maɓalli. Zulaihat ta san mahaifinta, in ya rantse ba ya kaffara.

Bayan bitar da 'yan kwanaki, darɓa ta sauka a waken makaranta. Baƙi ƙirin a kan sababbin ganye, ga danƙo, ga tururuwa suna hawa suna sauka. Malam Babaji ya nufi famfonsa, sai shugabar makarantar, Hajiya Asabe, ta dakatar da shi. Ta ce sharaɗin shirin shi ne ba feshi sai Malama Safiya ta dawo ta duba.

Ranar a aji ya yi ta mita. Zulaihat ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai feshin naka ne ya kore ƙudan zuma bara." Ya sa ta durƙusa a rana har aka tashi tara.

Kullum sai ya zagaya gonar yana ƙwafa, hannu a baya, kamar mai jinya a asibiti.

Wata Talata da safe, kafin a kaɗa ƙararrawa, ya hango mutum tsugune a ƙarshen kunyoyin wake. Ya lallaɓa. Zulaihat ce, riƙe da gwangwanin madara, tana karkaɗa wani abu a kan ganye.

Da ya leƙa, sai da tsigar jikinsa ta tashi. Wasu munanan ƙwari ne baƙaƙe, dogaye, jikinsu duk ƙaya-ƙaya da ɗigon ruwan lemo, suna rarrafe kamar ƙananan kadoji. Tunda yake bai taɓa tsayawa ya kalli irinsu ba.

"Innalillahi! Ke! Mi kike zuba mani cikin gona?"

Ta miƙe a firgice. "Malam, abokai ne. A jikin tumfafiyar bakin ganuwa nike samo su, su ne..."

"Rufe mani baki! Don na sa ki durƙuso shi ne za ki rama a kan wakena? Darɓar da ke ciki ba ta ishe ki ba sai kin ƙaro?"

"Wallahi Malam ba haka ba ne, ka bari in..."

"Na ce ki yi mani shiru!"

Da ta yi shirun, da ƙila abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Idonta ya kawo ruwa, bakin kuma ya kuɓuce. "To ai da ka zauna ranar bitar da ka san su!"

Shi ke nan, ta ƙarasa kanta. Malam Babaji ya yi tsalle ya dire. Ya tasa ta a gaba har ofishin Hajiya Asabe, ya ce ɓarna ce da gangan, ga rashin kunya a kai. Hajiya ta ce ta je gida, gobe ta zo da mahaifinta. Zulaihat ta dafe ƙofa tana roƙon a yi mata bulala ko nawa ce, kada dai a kira Baba. Ba wanda ya saurare ta.

Malam ya ce yanzu dai ai dole a bar shi ya yi feshi. Hajiya ta ce a'a, a bar komai yadda yake, uban ya zo ya gani da idonsa. Wannan shawara ta yi masa daɗi. Har ya ƙara da tasa dabarar: ya samo kwalba mai faɗin baki, ya tsinko reshen wake wanda darɓa ta rufe, ya kamo munanan ƙwarin nan da tsinke ya zuba a ciki. Ya huda murfin don kada su mutu, ya ajiye a kan kabad. Gobe ganyen zai zama kaca-kaca, shaida ta kammala.

Washegari Malam Ɗanliti ya iso, awon ɗinki rataye a wuyansa, fuska ba annuri. Zulaihat na biye da shi, idanu sun kumbura.

"Salamu alaikum. Hajiya an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Malam Ɗanliti. Ya iyali? Ya kasuwa?"

"Da godiya. Ya ƙoƙari, ya fama da yara? Malam, ina gajiya?"

"Ba gajiya," in ji Malam Babaji, yana gyara zama.

Da gaisuwa ta ƙare, uban ya ce, "Hajiya, ba sai an wahalar da ku ba. Na riga na yi magana a gida. Littattafanta kawai muka zo ɗauka."

Zulaihat ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hijabinta.

Malam Babaji ya ce a'a, sai an ga ɓarnar tukuna. Ya ɗauko kwalbar da ƙarfinsa, ya ɗaga ta saitin taga. "Ku duba da kyau! Jiya na sa ganyen nan lahiyarshi lau, in ban da darɓa. Yanzu ku ga yadda suka..."

Sai ya ƙura wa kwalbar ido.

Ganyen ya ɗan yi yaushi, amma ko huji ɗaya babu a jikinsa. Darɓar da ta yi masa baƙi jiya ce babu ita, sai 'yan ɓawo-ɓawo a gindin kwalba. Ƙwarin kuwa sun yi ɓul-ɓul.

Ya goge tabarau ya matso da kwalbar dab da hancinsa. A ƙarƙashin wani ganye ya ga ɗaya daga cikin munanan ya cafke wata darɓa da ta saura, ya riƙe ta gam yana zuƙe ta. Ya gama, ya yar, ya wuce neman wata.

Jama'a, a nan ne aka gwada Malam Babaji. Ba wanda ya ga abin da ya gani. Hajiya na can bayan tebur, uban ko kallon kwalbar bai yi ba. Da ya ajiye ta ya ce ai rashin kunyar ma ta isa hukunci, da magana ta ƙare, girmansa na nan. Ya kalli yarinyar, ya kalli awon da ke wuyan ubanta.

Sai kawai aka ji ya kwaɗa kabbara. "Allahu Akbar! Cinye su suke yi! Hajiya, taso ki gani! Malam Ɗanliti, don Allah matso!"

Kawuna uku suka haɗu a kan kwalba ɗaya. Hajiya ta ce, "Kai! Ga shi nan kau, ya sake kama wata!"

Malam bai jira ba, ya yi waje riƙe da kwalbar, yana sauri har da ɗan gudu-gudu. Ɗalibai suka ga Malam Babaji na gudu, abin da ba su taɓa gani ba, sai suka ɓalle daga ajujuwa suka bi shi. A ƙarshen gonar, inda Zulaihat ta jima tana zuba ƙwarin a ɓoye, sababbin ganye sun fito kore shar, har fure ya buɗe. Sauran kunyoyin kuwa suna nan baƙi da danƙo.

Ya tsuguna da wandonsa mai guga a cikin ƙasa, yana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, baki har kunne. "Zulaihat! Zo nan. Mi sunansu?"

Ta matso a hankali. Ta ce 'ya'yan ɗan ƙwaron nan ne ja mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya, wanda yara ke ɗorawa a hannu. Suna ƙanana haka suke da muni, kuma lokacin ne suka fi cin darɓa. Malama Safiya ce ta nuna musu hotonsu.

"Wannan ɗan kyakkyawan? Shi ke haihuwar waɗannan?" Ya kama baki. "Ni kau shekara da shekaru ina kashe masu gadina da hannuna!"

Ɗalibai suka sa shewa da tafi.

Ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya juya ga Malam Ɗanliti a gaban kowa. Muryarsa ta sauka. "Malam, ni na sa aka taso ka daga shago, kuma ni ne mai laifi. Yarinyar nan gonata take ceto, na hana ta magana. Na roƙe ka don Allah, kada ka cire ta."

Uban ya ce, "Malam, na fa rantse. Na ce in aka sake kirana a kanta..."

"A kan laifinta ka rantse. Yau a kan nawa aka kira ka."

Malam Ɗanliti ya kalli koren waken, ya kalli 'yarsa da ta ƙanƙame gefen hijabi. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Wuce aji. Amma bakin nan naki, a rage mashi kaifi."

Zulaihat ta fashe da kuka, ƙawayenta suka rufe ta da runguma. Har ta juya za ta tafi, sai ta dawo, tana share ido da bayan hannu. Kowa ya zuba mata ido, ana jiran jin abin da Rina za ta ce.

Ta nuna kwalbar da ke hannunsa. "Malam, don Allah a maida su gona. Abincinsu ya ƙare."

Malam Babaji ya buɗe murfin da kansa, ya durƙusa a kunyar da ta fi baƙi, ya juye su a hankali.

Darasi: Kada ka yanke wa kowa hukunci saboda munin kamarsa ko kaifin bakinsa, sai ka tsaya ka ga aikin da yake yi. Wanda kake shirin korewa, wataƙila shi ke tsare maka abin da ka fi so. In kuma gaskiya ta bayyana ba a gefenka ba, ka faɗe ta da bakinka kafin wani ya cutu. Ku tura wa malamai, iyaye da manoman da kuka sani, ko Allah zai sa wani ya duba kafin ya yi feshi.