Dalilin da Ya Sa Burkutu Ya Yi Duhu

Dalilin da ya sa burkutu yake da duhu kamar ruwan jar ƙasa? To ku zauna, sau ɗaya zan faɗa.

Da can fari ne sol kamar kunu. A jiƙa dawa ta yi tsiro, a niƙa, a dafa sau ɗaya, a rufe tukunya kwana uku, ya tashi da kansa.

A wani ƙauyen Maguzawa akwai wata mata, Gwamma, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya. Wata shekara mijinta Ranau ya karye a ƙafa, ga dawarsu jibge a gona, gara na ci ta ƙasa, tsuntsaye na ci ta sama. Sai ta kira gayyar sussuka. A garin kuwa, sai shugaban gayya ya ɗanɗani giya ya yarda da ita kafin kowa ya ɗaga sanda.

Ta dafa ta rufe. Sai ga wani irin sanyi, har kare ya ƙi barin bakin murhu. Kwana biyu tukunya shiru. Gwamma ta buɗe, ta rufe, ta kara kunne, ta zagaya, ta sake buɗewa.

Ranau daga ɗaki ya ce, "Ke, murfin nan zai gaji da ke."

"Kai dai ji da ƙafarka. Gobe gayya, ko kumfa ɗaya babu."

"Sanyi yake ji, ki bar shi."

"Sanyi? To bari ya sha ɗumi."

Ta ɗora tukunya a wuta, wai minti kaɗan. Tana tsaye sai ta tuna tsuntsaye, ta ruga gona. Daga kora sai gyaran dami, daga nan sai faɗa da awakin maƙwabta. Ko da ta dawo burkutun ya tafasa ya ƙone rabi, ya yi jawur har da baƙi-baƙi.

Ranau ya leƙo. "Rini kika koma?"

Da burkutun ya huce, ta ɗauko ɗan ragowar da ta bari a ƙoƙo gefen murhu, wanda ɗumi ya sa ya fara kumfa, ta juye ciki ta rufe.

Washegari tukunya na tsuwa. Maza suka iso, hannaye a hammata, suka leƙa, suka ja baya. Wani ya ce, "Mu koma gida kawai, wannan ko jaki ba zai sha ba."

Gwamma ta cika ƙoƙo ta durƙusa gaban tsoho Jatau, shugaban gayya. "Baba, kurɓi ɗaya. In ka tofar, gara ta cinye dawar."

Jatau ya shinshina, ya kurɓa. Can sai ya miƙo ƙoƙon. "Ban ji da kyau ba, 'yata. Ƙaro."

Bayan na uku ya tuɓe bargonsa ya ɗauki sanda. Kafin la'asar dawa na rumbu.

Tun daga ranar maza suka ƙi farin. Kowa ya koma gida ya ce irin na Gwamma yake so. Shi ya sa har yau burkutu yake da duhu, masu dafa shi kuma suke tsayuwa kan wuta sau biyu, ga cin itace, ga hayaƙi a ido, suna juyawa suna yi wa Gwamma tsaki.