Kujerar Gwaji a Bakin Kibiya

Akwai wani mutum a Ohio, Russell Hatcher, wanda ya buga ƙwallo a sakandare, kuma har yau bai yarda an tashi wasan ba. Shekaru sun ja, gasasshen haƙarƙari ya yi aikinsa, tumbi ya yi gaba abinsa, amma shi in ya duba madubi ɗan saurayi yake gani.

'Yarsa Joelle ba ta da buri sai hawa Kibiya, jirgin wasan nan da ba ya tafiya a hankali. Yana tsaye cik, sai a harba shi kamar harsashi, ya miƙe sama sambal, ya juyo. Duk shekara sandar awon tsawo ce ke korar ta. Bana tsawonta ya kai, kuma ranar da suka je filin wasan ita ce ta ƙarshe kafin a rufe shi saboda sanyi.

Sharaɗinta ɗaya: "Baba, sai kana gefena ka riƙe min hannu."

A bakin layi akwai kujerar gwaji, don mai jiki ya gani ko bel ɗin ɗaure mahayi zai kulle kafin ya ɓata yininsa. Suka tarar da wata mata mai ƙiba, Bernadine, tana ta fama da bel ɗin.

Russell ya ɗaga murya: "Baiwar Allah, a bar kujerar nan ta huta mana, ita ma tana da iyali!"

Aka yi dariya. Bel ya kulle ƙas, Bernadine ta miƙe tana share gumi. "Ɗan'uwa, kai ma da ka ɗan zauna. Ba ta cizo."

"Ni? Kin san wa kike wa magana kuwa?"

Joelle ta ja rigarsa. "Baba, ka gwada mana."

"Wuce mu je!"

Suka sha layi har ƙafa ta yi tsami. Da suka zauna a jirgin, Russell ya ja bel, bel ya ce bai san zancen ba. Ya haɗiye ciki, ya riƙe numfashi har fuska ta yi jawur. Ma'aikaciyar wurin ta danna iya ƙarfinta, ta girgiza kai.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri. In bai kulle ba, jirgin ba ya tashi."

"Kun rage tsawon bel ɗin ne! Kira min babbanku!"

Sai wani daga cikin layi ya kwaɗa: "Maigida, a bar kujerar ta huta, tana da iyali!" Wuri ya kaure da shewa.

Russell ya sauka. Joelle ta fara kwance nata bel ɗin, hawaye na zuba.

"Kai, rufe mana baki, 'yarsa na ji!" Bernadine ce ta daka wa mai ba'ar tsawa, ashe tana bayansu a layi. Ta matso kusa da Russell, ta sassauta murya. "Bara ni aka sauke a nan, jikokina suna kallo. Na san nisan hanyar fitar nan. In ka yarda, in zauna da ita."

Ya gyaɗa kai.

Ta zauna, ta miƙa wa yarinyar hannu. "'Yata, matse shi yadda kike so. Ni ma cikina ya ɗuri ruwa, kada ki sake ni."

Aka harba jirgin.

A wajen fita, inda ake nuna hotunan mahaya, Russell ya tsaya yana kallo: Joelle baki buɗe tana ihun murna, hannunta cikin hannun matar da ya yi wa ba'a. Ya karɓi hoton, ya nemi Bernadine ya ce, "Ki yafe min."

"Na yafe. Baɗi ka fara da kujerar."

Hoton yana manne a ƙofar firjinsa. Duk sanda ya je buɗewa, sai ya haɗa ido da Bernadine a hoton.

Darasi: Kafin ka auna wani da bakinka, zauna ka auna kanka, don wanda ka kunyata da safe yana iya zama mai rufa maka asiri da yamma. Ku tura wa masu kaifin harshen cikinku, na san kowa yana da nasa.