Toka da Buhun Baƙuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Ranar Laraba ce, da hantsi, inuwar rumbu ba ta bar kan turmi ba, aka shigo da wani buhu gidan Iya Marka mai daddawa. Jatau masunci, ɗan ƙanenta, shi ya kawo shi daga ƙetaren kogi. Buhun yana motsi.

Toka, tsohon muzurun gidan, yana kwance kan tsummansa a gindin murhu. Ya tsufa, haƙora sun zube. Ɓeraye har sun daina gudu in sun gan shi, sai su gaishe shi su wuce da gero a baki. Abin da ya rage masa a duniya shi ne tsumman nan da ɗumin murhu.

Iya ta shiga ɗakin ajiya da buhun, ta fito da shi fanko, ta ja ƙyaure.

Jatau ya ce, “Iya, ba za ki saki baƙuwar su ga juna da Toka ba?”

Ta ce, “Ba a yin haka, Jatau. Sai an yi sallama tukuna. Ran kasuwa ka biyo ka ɗauki buhunka.”

Ashe Gizo yana maƙale a rufin bukkar girki yana ji. Ya sulalo a kan zarensa har gaban hancin Toka.

“Shannu da hutawa, Baba Toka. Ka ji abin da na ji?”

“Kunnena ya yi nauyi, Gizo.”

“Mage aka kawo, sabon jini, farce kamar ƙaya. Iya kuwa ta ce za a yi sallama.”

“Sallama da wa?”

“To, wa ya daina aiki a gidan nan? Buhun nan da ka gani, ba zai koma fanko ba.”

Toka ya dubi ƙyauren ɗakin ajiya. Ya san yadda ake yi da magen da aka gaji da ita: a ɗaure ta a buhu, a ƙetare ruwa da ita don kada ta gane hanyar gida.

Kashegari Iya ta janye tsumman Toka ta kai ɗakin ajiya, ta ajiye masa nono a kasko. Gizo ya sauko.

“Wayyo Baba, an raba gadonka kana raye! Wannan nonon kuwa na ban kwana ne. In ka sha, ka yarda ke nan. Bari in ɗauke maka nauyin.”

Ya shanye tas.

Wata safiya Iya ta shimfiɗa buhun a gindin murhu, daidai wurin tsumman, ta ajiye kan kifi. Gizo ya sauko.

“Gwaji ne, Baba, a ga ko buhun zai ci ka. Kifin nan guzuri ne.”

Ya cinye har ƙaya. Toka ya koma ya kwanta a ƙasa, nesa da buhun, sanyi yana cin ƙashinsa.

Sannan kuma Iya ta ɗauke kaskonsa daga murhu ta kai bakin ƙyauren ɗakin ajiya, ta sa tuwo da man shanu. Gizo ya sauko, zaren har yana lanƙwasa.

“Ka ga yadda ake yi? Daga murhu zuwa bakin ƙofa, daga bakin ƙofa zuwa zaure, daga zaure kuwa…” Bai ƙarasa ba, bakinsa ya cika da tuwo.

Ran kasuwa da sassafe Toka ya tashi da ƙyar, ya lashe jikinsa tsaf, har bayan kunne. Ya dubi murhu, ya dubi rumbu. Ya ce a ransa, “Ba za a kama ni ta wuya a jefa ba. Da ƙafata zan shiga.”

Ya shiga buhun ya kwanta.

Kunnensa ya yi nauyi, amma hancinsa bai tsufa ba. Ya shaƙa. Bai ji warin mai farce kamar ƙaya ba. Abin da ya ji, nonon uwa ne, da ruwan kogi, da fitsarin tsoro. Ya san warin nan. Shi ma cikin irin wannan buhun ya zo gidan, tun Iya tana da baƙin gashi.

Ya fito, ya tafi bakin ƙyaure, ya sa hanci ta ƙasa. Sai ya ji ’yar murya tana rawa.

“Salamu alaikum.”

Toka ya ƙara shinshinawa. Can ya ce, “Wa alaikumus salam. Wace ce?”

“Ni ce Gawayi, Baba. Don Allah in za ka cinye ni, ka fara ta kai, kada in gani.”

“In cinye ki da wane haƙori, ’yar nan?”

“Gizo ya ce Iya kiwata ni take yi dominka. Shi ya sa nake bar masa abincina.”

“Ke ma?”

“Ni ma. Baba, tsumman nan mai ƙamshin hayaƙi naka ne? Ba na iya barci sai a kansa.”

Iya Marka tana bakin turmi tana kallon hanci biyu a ƙarƙashin ƙyaure. Ta ce, “To, madalla. An yi sallama.” Ta buɗe kaɗan, ba duka ba.

Gawayi ta leƙo, ’yar baƙar aba kamar dunƙulen daddawa. Toka ya yi mata huci sau ɗaya, don ta san akwai babba a gidan. Ta lumshe ido, ta kwantar da kunne. Ya matsa ya ba ta hanya.

A kan kasko suka iske Gizo, ya fara karin kumallo. Ido huɗu suka tsaya a kansa. Ya kama zare zai hau, ciki ya yi nauyi, zare ya tsinke. Ya ruga nan, Gawayi ta tare. Ya ruga can, Toka ya tare. Sai ya faɗa cikin buhu ya yi lamo.

Daidai nan Jatau ya shigo, ya ɗaure bakin buhu, ya saɓa a kafaɗa.

“Iya, kin sa mini wani abu ne? Da ɗan nauyi.”

“Ni ban sa komai ba. Gai da mutanen ƙetare.”

A duk maganganun Gizo, guda ɗaya ce ta zama gaskiya: buhun bai koma fanko ba.

To, ’yan jikokina, ku riƙe wannan. In aka kawo baƙo gida, a ba shi lokaci, a ba wanda aka tarar lokaci, kada a haɗa su da gaggawa. Kuma in wani ya kawo muku fassarar magana, ku duba ku ga kwanon wa yake lasa.

Waɗanda suka rage a gidan su ne: Iya Marka da tukwanen daddawarta, Gawayi, wadda ta girma ta riƙe rumbu, ɓeraye biyu da suka koyi tafiya ta bayan danga, da Toka, wanda aka mayar wa tsummansa, ya ƙara damina ɗaya a gindin murhu. Bayan daminar nan sai tsumman kaɗai, Gawayi ce ke kwana a kai.

Ƙungurus kan kusu. Kusun farko da Gawayi ta kama ma, a gaban Toka ta ajiye shi.